Kin tafi da mabuɗin zaure, Malama Zubaidatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malama Zubaidatu Ahmadu a asibitin Shika, bayan ta yanke jiki ta faɗi a bakin titin Samaru. Ita ce ta koyar da mu aikin jarida.

Malama, kin sha gaya mana a aji cewa gidan rediyo yana da edita mai tace labari, mai sauraro kuwa nasa ji ne kawai. Intanet ta ba kowa baki, in ji ki, amma ta sallami editan. Ba ki bar maganar a kan allo ba. Kika buɗe zauren WhatsApp kika haɗa mu ciki, 'yan Samaru da 'yan Sabon Gari, masu keke da 'yan kasuwa, har limamai da fastoci. Dokarki ɗaya ce: in jita-jita ta shigo, sai ki kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai ke, ki je ki gano da idonki, sannan ki buɗe. Muna yi miki tsiya, muna kiran ki Maigadi.

Ba na manta ranar da aka yaɗa bidiyo wai ana ƙona shaguna a Sabon Gari. Samari har sun fara taruwa. Kika je kika tarar da Adewale mai kayan lantarki yana gyangyaɗi a shagonsa. Ya ce miki, "Madam, wuta ɗaya ce a layin nan, ta mai tsire." Kika turo hoton Adewale a shagonsa, kowa ya watse. Ashe tsohon bidiyo ne na wani gari.

Ranar Talatar nan ma saƙon murya aka turo, wai an sari wani ɗalibi. Kika kulle zauren, kika rubuta, "Ku dakata, bari in dubo." Ba ki kai ba. Ko 'yarki Nana Hafsat ba ta san lambar buɗe wayarki ba, don haka har yau zauren a kulle yake. Ko "Allah ya jiƙan ta" mun kasa rubutawa a ciki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, an buɗe sababbin zauruka biyu, na Samaru daban, na Sabon Gari daban. Kowa da nasa yake hira, saƙon muryar kuma yana yawo, kowane ɓangare da gishirin da ya ƙara. Ina jin tsoro, Malama. Da Adewale ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya rage murya ya ce, "Usaid, maganar yaron nan, gaskiya ne?" Har yau ba wanda ya je ya dubo.

Allah ya jiƙan ki, ya sa fitinar da kika sha kashewa ta zame miki haske a kabari. Ya ba Nana Hafsat da dangi haƙurin rashi. Mu kuma da kika bari muna jira, Allah ya tsare mu daga bakunanmu. Amin.