Ƙarfen da Maƙera Suka Ƙi

A shekarun babban farin nan ni saurayi ne da ya yi shekara biyu yana koyon gyaran mota a Maradi, na koma ƙauyenmu kusa da Gangara ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ƙarfe. Abinci ya kusa ƙarewa a gida. Abu ɗaya babana ya hana a taɓa: dami huɗu na geron iri da ya keɓe a ƙaramin rumbu.

A kasuwar Gazawa na ga bulok, wato gangar injin wata tsohuwar motar Amirka mai silinda takwas. Mai shi ya ce hatsi yake so, ba kuɗi ba. Na duba shi ciki da waje, babu tsaga. Na tabbatar wa kaina cewa masu tsofaffin motoci a Katsina za su saye shi da abin da zai ciyar da mu har kaka, in ma ba su saya ba, maƙera ba sa ƙin ƙarfe. Ranar da babana ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, na kwashe damman na kai.

Daga nan ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Na ɗora bulok ɗin a amalanken jaki na nufi kudu, na tarar iyaka a rufe. Na juya Agiye, wani makaniki ya yi dariya, ya tambaye ni wane alhaji ne zai shayar da wannan kura esansi, wato fetur, alhali mutane na cin ganye. Wani mai injin niƙa ya ce shi mai shan gazuwal, wato man dizal, yake nema. Jakin ya rame, ni ma haka, duk kasuwar da ta ci ina can. A ƙarshe na tsaya wurin wani tsohon maƙeri. Ya ɗauki guduma ya bugi gefen bulok ɗin sau ɗaya, wani yanki ya ɓalle kamar tukunya. Ya kira ni injiniya, ya ce ashe a birni ba a koya mini ba cewa ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Ko hauya ɗaya ba za ta fita daga jikinsa ba. Na san haka tun a garaji. Kwaɗayi ne ya mantar da ni.

Ina kan hanyar komawa ruwan shuka ya sauka. Babana bai doke ni ba. Ya dubi abin da ke kan amalanke, ya tambaye ni rami nawa za a tona a shuka shi. Washegari dattijon da bai taɓa roƙon kowa ba ya ɗauki ƙwarya ya bi gida-gida neman iri. Abin da ya samo maiwa ce mai jinkirin nuna, ruwa kuwa ya ɗauke da wuri. Irin da na sayar tun daga kakan babana yake, mai saurin nuna ne, kuma ba mu sake samun irinsa ba.

Na koyi cewa kaya ba shi da daraja sai gaban mai bukatarsa a ranar. Ina roƙon matasa, kafin ku ɗauki abin da aka hana ku taɓawa, ku tambayi dalilin hanin. Ni ban tambaya ba, sai da na ga babana tsaye a ƙofar gidan mutane.