La'asar ɗin da Ruwa Ya Janye

Duk ƙasar Kurfai, daga Filinge har Sanam, ba a haifi wanda ya san halin kifi kamata ba. Na sha faɗin haka a majalisa kuma ba a taɓa musa mini ba, don masu jefa fatsa a garinmu ba mu kai biyar ba. Mutanenmu manoman hatsi ne. In mutum ya ɗauki zare ya nufi tabki bayan damina, cewa ake aikin yi ya rasa. Ni kuwa nakan ce da na tsaya a bakin ruwa tarwaɗa ke jeruwa, kowace tana roƙon a fara da ita.

Wanda ya koya mini wannan wasa Kawuna ne, yayan mahaifiyata, mutumin Tabla. Yana saurayi ya yi cin rani a Yamai kusa da masunta, ya dawo gida da fatsa uku a aljihu da sha'awar da ba ta sake shi ba har tsufa. Shi ya nuna mini yadda ake soka tana a fatsa, da yadda ake ɗora zare a kan yatsa a saurari kifi. Ba don ciki yake yi ba, maƙwabta ke cinye abin da ya kama. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: kafin ya bar duniya, kifin teku ya ja masa zare ko sau ɗaya.

Ni direban babbar mota ne, a shekarun nan hanyar Kwatano nake bi. Da idon Kawu ya dushe, aka gwada Yamai ba a dace ba, sai na tafi da shi wajen wani likitan ido a can. Kwana goma muka yi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiya ce ta mutu, ɗan hasken da ya rage ma tafiya zai yi. A lokacin Kawu ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Da muka fito muka kai bakin titi, Kawu ya juyo wajena.

"To, tunda mun zo, kai ni in gaisa da teku."

Na riga na san inda zan kai shi. Lahadin farko, yana kwance an ɗiga masa magani, na hau babur na tafi wani ƙauye yamma da gari, inda kogi ke shiga teku. Bayan la'asar na isa. Ruwa ya cika har gindin itatuwa, yana turowa daga teku yana hawa kogi. Na sa jatan lande a fatsa na jefa, kafin in gyara zama an ja. Kifi goma sha ɗaya na kama kafin magariba. A majalisa sun kai arba'in yanzu, amma a nan gaskiya nake rubutawa.

Wani dattijo na zaune gefe yana ɗinkin taru. Ya tambaye ni da Faransanci ko zan dawo. Na ce Lahadi mai zuwa, daidai wannan lokaci, da tsohona. Ya girgiza kai. Ya ce in zo da hantsi. Ruwan nan sau biyu yake shigowa a yini da kwana, sau biyu yake fita, kifi kuma shigowarsa suke bi don ita ke kawo musu abinci. Ya ce lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata yake bi, kullum sai ya yi lattin kusan awa guda. Nan da mako, da la'asar ba zan tarar da komai ba.

Na yi masa godiya, ina dariya a ciki. A wurinmu ruwa da damina yake zuwa, da rani yake tafiya. Wane irin ruwa ne mai kai da komo sau biyu a rana kamar mai zuwa rijiya? Na ce tsohon nan ya ga na kwashe masa kifi ne, yana so ya kore ni da dabara. Kuma ni ɗan kasuwar mako ne. Abin da ka samu ranar Lahadi a kasuwar Filinge, ka koma wata Lahadin, yana nan a rumfarsa.

Lahadin ta zo, kuma ita kaɗai ta rage mana, don an gama yi mini lodi, Litinin da asuba za mu kama hanya. Kawu tun da ya idar da sallar asuba ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ciro ɗaya daga fatsun nan na Yamai, ya ɗaura mata zare da lalube, bai bari na taɓa ba.

"Mu tahi?"

"Kawu, ku kwantar da hankali. Kihin nan na la'asar ne, ni na san su."

"Kihi da sahe ya hi ci, ɗan nan."

"Wannan na tabki ne. Na teku manya ne, sai sun yi barcin rana."

Ya yi dariya ya zauna. Hantsi ya wuce yana zaune a kan tabarma da zarensa a hannu, ni ina shan shayi ina ba maƙwabtan masauki labarin kifi ashirin.

Bayan la'asar muka isa. Inda na tsaya makon jiya ina jan kifi, laka ce baƙa shimfiɗe, tana wari, ƙananan ƙaguwa na yawo a kanta. Ruwan ya koma can tsakiya, siriri, ya fi taku hamsin daga gaɓa. Ni mai ƙarfi ma in na shiga lakar nan sai ta kai mini gwiwa, balle tsoho mai sanda. Dattijon nan yana wurinsa da tarunsa. Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Mun iso?" in ji Kawu. Rana na haska lakar tana ƙyalli, ya juya fuskarsa wajen ƙyallin. "Ga shi kuwa yana walƙiya."

Nan ne ya kamata in ce, Kawu, na yi kuskure, an faɗa mini ban ji ba. Kalmomin suna bakina. Abin da ya fito shi ne, "Shi ne, Kawu. Ruwa har gabanku. Ku jefa."

Ya yi bisimilla, ya kaɗa zaren sau uku ya saki. Fatsar ta faɗa laka, ko rabin hanyar ruwa ba ta kai ba. Na zaunar da shi a kan wani kututture, ya ɗora zaren a yatsa kamar yadda ya koya mini, ya karkata kai yana saurare. Ni ma na jefa tawa kusa da tasa don kar ya ji shiru.

Awa biyu muka yi. Ban taɓa surutu irin na ranar ba. Na ce jiragen ruwa sun kore su. Na ce yau Lahadi, kifin ƙasar nan sun tafi coci. Can wata ƙaguwa ta kama jatan landensa tana ja, zaren ya motsa a yatsarsa.

"An taɓa," ya ce a hankali.

"Babba ne, Kawu. Na ga bayansa, ya kai ɗan maraƙi."

Ya ja, fatsa ta taho wayam, da laka a jikinta. Na yi wuf na karɓa na goge a wandona kafin ta kai hannunsa.

Gab da magariba na ga ruwan ya fara juyowa, yana rarrafowa kan lakar. Da mun ƙara awa ɗaya ko biyu, wataƙila da ya iso inda fatsarsa take. Amma zai iso da ƙararsa, Kawu kuma zai tambaya, in wannan ne ruwan, to ɗazu a mene ne muka jefa? Wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce dare zai yi mana, gobe akwai tafiya. Na naɗe masa zarensa da hannuna, na kama sandarsa muka juya wa teku baya.

Kafin wata damina hasken ya ƙare masa gaba ɗaya, ƙafa ma ta ƙi, ko tabkin bayan gari ba ya zuwa. Duk sanda na sauka Filinge nakan je Tabla in gaishe shi. Wata rana na tarar da baƙi a zaurensa, aka ce in ba da labarin teku. Bakina ba ya jin magana. Na ce kifi ya ja zaren Kawu har sai da na riƙe shi ta ƙugu, da ba don ni ba da yanzu yana Gana. Aka yi ta dariya, shi ma yana murmushi yana jan carbi.

Da baƙin suka fita, ya laluba ya kama hannuna.

"Ɗan nan, ido na rasa, kunnena na nan. Shekara hamsin ina jefa fatsa, na san ƙararta in ta faɗa ruwa, na san ƙararta in ta faɗa laka. Zaman da ka ga na yi, don kar ka ji kunya ne."