Goggo Tafireta da Biron Farfesa

Ƙarfe bakwai da rabi Goggo Tafireta take buɗe ofishinta a maɗaba'ar jami'a. Ta yaye ƙyallen da take rufe kwamfuta da shi, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta jawo fayil ɗin da ke sama. Tafiretar da ta jawo mata sunan an daɗe da jefa ta sito, amma sunan ya ƙi tafiya. Shekara talatin da biyu ke nan tana buga littattafan malamai, wata mai zuwa za ta yi ritaya.

Ba ta ɓoye wa kowa cewa abin da take bugawa ɗaure mata kai yake yi. Littafin hanyoyin binciken kasuwanci sau huɗu ta buga shi. "Ni dai na ga ana ta yi wa mutane tambayoyi," in ji ta, "ban ga inda aka sayar da ko allura ba." Na haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni kuwa, har ta kai shafin ƙarshe ba ta gano wa ke da gadar da ake ta magana a kai ba.

Bara Farfesan falsafar ilimi, wanda take yi wa bugu tun yana ƙaramin malami, ya gama rubuta littafinsa na ƙarshe da hannu. Sai ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. 'Yarsa ta kawo takardun a kwali, a kan matakala gindin kwalin ya ɓalle. Shafi ɗari uku da ɗoriya suka watse, Farfesa kuwa bai taɓa sa wa shafi lamba ba.

Abokan aikinsa uku suka yi mako biyu a kai. Kowa ya jera nasa, kowane jeri da abin da yake faɗa. Ɗaya ya sa kammalawa a farko, ya rantse gabatarwa ce. Shugaban maɗaba'a ya ce a haƙura da littafin.

Goggo ta ce a ba ta.

"Goggo, falsafa kika karanta ne ban sani ba?" in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, ko kusa. Amma na san bironsa."

Farfesa ba ya taɓa sabon biro sai tsohon ya mutu murus. Rubutun kan fara da shuɗi mai kauri, ya yi ta dusashewa har ya koma kartar takarda, sannan sabo ya karɓa a tsakiyar layi. Ta shimfiɗa takardun a ƙasa, ta tuɓe takalmi, ta yi kwana tara tana rarrafe tana bin tawada. Biro goma sha biyu ta ƙirga, na ƙarshen bai kai ga mutuwa ba.

'Yar ta karanta wa mahaifinta jerin a bakin gado. Ƙarshen kowane babi sai ya gyaɗa kai. Da ta gama, ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya lalubo biron nan na ƙarshe a kan tebur, ya danƙa mata, yana hawaye. 'Yar ta gane wa ake nufi, ta kai wa Goggo.

Goggo ta juya biron, ta sake juyawa. "To ni me na yi? Har yau fa ban san abin da littafin yake cewa ba."

Mu da muka shaida abin, ga amsarmu: Goggo, ke ce kika riƙe abin da masu digiri suka saki. Ke ce idon da ya lura da hannun mutum shekara talatin, har ya iya tsaya masa ranar da bakinsa ya gaza. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku yi koyi da ita, ku san aikinku irin sanin da ta yi wa nata.

Littafin ya fito, ɗalibai suna karantawa. Biron yana cikin jakarta da sauran tawadarsa, ta hana kowa ya rubuta ko harafi ɗaya da shi.