Juma'ar Malam Gwadabe

Duk wanda ya zauna a Yalwawa shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha ya san Malam Gwadabe mai wuta. Ba don fara'a ba, Allah ya sani ba shi da ita. An san shi ne saboda in wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan hanya, wurinsa ake gudu. Tarho a lokacin sai ofisoshin manya. Duk shirin ko-ta-kwana na unguwanninmu bai wuce wannan ba: wani ya hau keke ko acaɓa ya je tashar raba wuta a bayan gari, ya buga ƙofa, Malam Gwadabe ya ja wani hannun ƙarfe, wutar layin ta ɗauke. Sauran kayan aikin bokitan yashi ne uku, da tukunyar kashe gobara da ba wanda ya taɓa ganin an buɗe.

Mutumin Jahun ne, ɗan manoma. Su biyu ke aikin rana, shi da Bitrus, wani dogon mutum daga kudancin Kaduna. Dokar aikin guda ce: ba a barin tashar ba kowa, ko na minti ɗaya. Sai suka yi nasu tsarin da babu shi a takarda. Ranar Juma'a Bitrus ya zauna, Malam Gwadabe ya tafi masallaci. Ranar Lahadi a juya. Shekara takwas suna haka ba a taɓa jin kansu ba.

A shekara ta 2000, bayan rikicin Kaduna, ga kuma maganar shari'a ta cika gari, Bitrus ya nemi canjin wurin aiki. Ba wanda ya taɓa shi, amma matarsa ta ce hankalinta ya ƙi kwanciya. Da ya tafi, hukumar lantarki ta ce za a turo wani. Malam Gwadabe ya rubuta takarda ya fi sau goma, kullum amsar ita ce ana kan dubawa.

Nan fa ya shiga uku. Lokaci ne da kowa ke leƙen addinin maƙwabcinsa, ga mutum da gemunsa fari-fari ba a ganinsa a sahu. Ni tela ne, shagona na jikin gidansa, kuma ba zan wanke kaina ba, bakina na cikin waɗanda suka ci shi. In ya wuce sai in ce, "Malam, wannan satin ma a rediyo za a yi Juma'ar?" 'Yan zaman shago su kwashe da dariya. Matarsa Iyatu ta daina zuwa suna saboda habaici. Ya je ya tambayi limami, limami ya ce lalura ce, babu laifi a kansa. Amma limami bai bi shago-shago ya faɗa ba.

Wata Alhamis a farkon daminar 2001 Malam Gwadabe ya zo karɓar farar rigar da na ɗinka masa.

"Gobe za ka gan ni," in ji shi.

"Wa zai riƙe maka tashar?"

"Kwaɗo zai riƙe. Awa ɗaya ce, Allah na nan."

Na ce masa madalla. Har yau wannan kalmar tana ci mini rai.

Washegari gari ya waye garau. Ya kulle ƙofar tashar da kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu, ya tafi. Ana cikin huɗuba hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, waya ta tsinke ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta a hanyar ruga. Sale mai acaɓa, wanda ya makara da fasinja, shi ya gani. Ya sheƙa tasha, ya tarar da kwaɗo. Ya buga, ya yi ihu, shiru. Ya juyo masallaci, an riga an tayar da salla, mutum dubbai duk cikin fararen kaya. Ina zai gane Malam Gwadabe? Kafin a sallame ya same shi, Adda Zaituna mai tallan nono ta taka ruwan a hanyarta ta komawa gida. Ƙwaryarta ma ba ta fashe ba.

Ba a kore shi ba. Wa zai zauna in an kore shi? Takardar gargaɗi aka ba shi, 'yan ruga kuma suka ce kwananta ne ya ƙare, sun yafe. Mu 'yan shago muka yi tsit, tsokanar ta mutu. Shi kuwa ya koma tashar ya ƙara tarewa. Abincin rana Iyatu ke kai masa. Ɗaurin auren 'yarsa ƙaninsa ne ya tsaya. Ko bayan gida zai shiga, sai ya bar ƙofa a buɗe don ya ji bugu.

Sai bayan shekara uku aka turo masa abokin aiki, wani magidanci mai suna Zailani. Mutumin kirki ne, da ya ji labari ya ce ya bar wa Malam Juma'ar farko. Na ari babur na je ɗaukarsa da kaina, ina ganin ko wannan zai rage mini nauyi. Na same shi ya yi wanka, ya shafa turare, darduma a kafaɗa. Ya tako har bakin ƙofa ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ko ɗigon gajimare babu, tsakiyar rani ce.

"Malam, hau mana, za mu rasa sahu," na ce.

Ya daɗe a tsaye, hannunsa riƙe da ƙarfen ƙofar. Can sai ya sauke dardumar ya miƙa wa Zailani.

"Ku je kai da shi. In kun yi addu'a ku sa da ni."