Tohon Sabarar da Muka Ƙi Sarewa

Maigarinmu ya ƙwace mini aikina ya kira shi nasa. A shekarun fari, zamanin soja, mu uku kaɗai a ƙauyenmu kusa da Korgom muka ƙi sare tohon sabara lokacin sassabe. A gaban masallaci ya kira ni rago mai ƙazamar gona. Amma ba mu fasa ba. Iska ta binne shukar mutane da rairayi, tamu ta tsaya don sabarar ta kare ta. Sannu a hankali duk gari ya bi mu. Da sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya zo duba gonakin, sai maigari ya ce wai dabararsa ce.

Na same shi a zaurensa na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na ƙarshen ajiye gatari a garin nan."