Likitan Amfilifaya da Hucin da Ya Ce a Bari

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagon. Sai ya jona ƙarfen narka dalma ya bar shi yana ɗaukar zafi, ya share teburi da tsohon buroshin fenti, ya jera sukundireba daga babba zuwa ƙarami. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma rabinsa amfilifaya ne, wato akwatunan nan da ke ƙara wa jita da makirufo murya, an jibga wani kan wani har rufi. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Makaɗa suna kiransa Likita. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, shi ya sa na ga ya dace a faɗi wani abu a kansa tun yana da rai, tunda mu mutane ne da ba ma ganin kirkin mutum sai an rufe shi da ƙasa.

Yadda yake aiki ya sha ba masu gaggawa haushi. Idan an kawo akwati ba ya kwance shi. Kunnawa yake yi, ya hana kowa taɓa jita, ya zauna yana sauraren akwatin alhali ba a kaɗa komai ba. Wani shugaban makaɗa ya ba ni labarin ranar da ya kira shi ɗakin da suke gwaji, bayan masu gyara uku sun canja wa akwatinsa kusan duk kayan ciki amma bai daina gurnani ba. Likita ya tsaya minti ɗaya, ya ce a kashe doguwar fitilar da ke saman kansu. Gurnani ya ɗauke. Ya ɗauki jakarsa ya ce, "Akwatinka lafiyarsa ƙalau, haƙuri kawai za ka ba shi." Ba a taɓa ba shi lambar yabo ba. Lambobin duk sun ƙare a wuyan waɗanda suka yi jawabi ta lasifikar da ya gyara.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikinsa na baya-bayan nan, wanda aka yi a gabana.

Ƙanin marigayiya matata makaɗin jita ne, shekara arba'in da akwati ɗaya, irin na da mai 'yan kwalaben gilashi a ciki da sai sun yi zafi yake magana. Nauyinsa kamar buhun siminti. Da ciwon baya ya kama makaɗin, asibiti suka hana shi ɗaukar nauyi, ga kuma kwalaben an daina samun irinsu. 'Yarsa ta karanci kwamfuta, don haka ta yi abin da 'ya ta gari za ta yi: ta kwafi muryar akwatin ta sa a kwamfuta. Akwai manhajar da ake tura wa akwati sauti, ta saurari yadda yake mayarwa, ta koyi kwaikwayonsa. Ta yi makonni tana wannan aiki. Ran da ta jona masa, ya kaɗa sau uku, ya cire igiyar daga wuyansa, ya rataye jitar a ƙusa. Wata huɗu bai sake taɓa ta ba. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma zaman ƙofar gida yana kallon motoci, abinci ma sai an yi da gaske. Ita kuwa ta fara tsoron cewa da hannunta ta raba mahaifinta da abin da ke riƙe da shi.

Wata rana da safe suka zo shagon, akwati a bayan mota, kwamfuta a hammatarta, uban yana biye kamar wanda aka kawo ƙara.

"Kawu," ta ce wa Likita, "mutum goma sha biyu na gwada wa. Na kunna musu na akwatin, na kunna musu na kwamfuta, ba sa ganin wanne ne wanne. Babu wanda ya bambance."

"Cikinsu mutum nawa ne ke riƙe da jita a lokacin, Injiniya?"

"Babu ko ɗaya," in ji ta.

"To kin ga, fasinja kika tambaya yadda sitiyari yake."

"Ni ban ce ba ta yi ƙoƙari ba," in ji uban, yana kallon ƙasa. "Muryar ita ce. Amma abin kamar ka yi sallama a gidan da aka tashi."

Na gane abin da yake nufi, don na san yadda ɗaki yake idan an ɗauke masa motsin mutum ɗaya. Amma ba labarina ake yi ba.

Likita ya sa aka jona kwamfutar, ya tilasta wa uban, wanda yake kira Mai Jita, ya kaɗa. Bai kalli lasifika ba, hannun mutumin ya zuba wa ido. Shekara talatin ya san hannun nan: duk sanda kiɗa ya zo ƙarshe, ƙaramin yatsa yakan zame ya murɗa maɓallin muryar jitar ƙasa, don ya kwantar da hucin akwatin kafin jama'a su ji. Yanzu ma yatsan ya tafi, ya murɗa, sai ya tsaya cak kamar ƙafar da ta nemi matakala ta tarar babu. A fuskar kwamfuta kuwa, da sauti ya ƙare, layin da ke nuna motsin sautin ya miƙe sambal.

"Ina ƙarar da akwatin ke yi idan ba a kaɗa komai?"

"Manhajar ba ta kwafar wannan, Kawu. Ɗan abin da ya rage ma na goge. Ai datti ne."

"Rabinsa datti ne. Ni da na ƙare rayuwata ina korar ƙara ba zan ce miki duk ƙara alheri ba ce."

Ya kunna tsohon akwatin, aka jira kwalabe suka yi ja. Ya ce mata ƙara iri biyu ce a ciki. Akwai gurnani mai kauri, wannan ciwo ne, wani abu ya tsufa ko waya ta saki. Akwai kuma huci siriri, shuu, wanda kwalaben kansu ke yi muddin suna da rai. Idan tsirkiya ta yi ƙara tana mutuwa, cikin hucin nan take nutsewa a hankali. Da shi makaɗi ke sanin akwatinsa a farke yake, da shi yake auna ƙarfin da ya murɗa tun bai taɓa tsirkiya ba.

Yana cikin bayani ya kai kunnensa jikin lasifikar. Ya juya ɗaya kunnen. Ya daɗe a haka.

"Injiniya, matso. Me kike ji?"

"Gurnani. Da wani shuu a ƙarƙashinsa."

"To yana nan ke nan." Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Ni tun bara waccan na daina jinsa. Mai kaurin kawai nake ji."

Babu wanda ya sani. Ko matarsa sai daga baya ta ji. Mai Jita ya yi gyaran murya.

"Ashe kurma muke kawo wa kayanmu."

"Kurman ne ya rufa maka asiri shekara talatin kana kaɗa waƙa ɗaya kana canja mata suna."

Kai ne, Likita, ka zaɓi ka tona wa kanka asiri a gaban abokinka da 'yar cikinsa, alhali da ka gyaɗa kai kawai babu mai ganewa. Na ga manya masu digiri sun gwammace aiki ya lalace da su ce "ban ji ba." Kai ka faɗa a tsaye, sannan ka ɗauki sukundireba.

Kwana uku suka yi, hannu nasa, kunne nata. Ya canja abu ya ce, "Ya ragu?" Ta ce, "Gurnanin ya ragu, shuu ɗin yana nan." Ya sake narka dalma. Sai da gurnani ya mutu sarai, huci ya rage shi kaɗai, sannan ya sa ta kafa makirufo a bakin lasifikar. Ya kashe fanka, ya leƙa wurin telan da ke maƙwabtaka da shi ya roƙe shi ya tsayar da keke.

"Waƙa za a ɗauka?" in ji tela.

"A'a. Akwatin za a ɗauka yana zaune bai ce komai ba."

"Tsufa dai bai yi ba," in ji tela, amma ya ɗage ƙafarsa.

Sau uku aka ɗauka, da murya ƙasa, da tsakiya, da sama, don hucin yana ƙaruwa ne yadda aka murɗa. Ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin muryar da ta kwafa tun farko. Karon farko ya yi yawa.

"Wannan ai ruwan sama ne a kan kwano," in ji uban.

Ta rage. Ta sake ragewa, har ya zama sai ka kasa kunne za ka san yana nan. Likita yana gefe a kan kujerarsa, ba ya jin abin da ake ragewa, fuskar abokinsa kawai yake karantawa.

Mai Jita ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya sake ta, ya bi ta da kunne har ta nutse. Yatsan ya zame, ya murɗa, hucin ya kwanta. Ya sake buɗewa. Daga nan bai ɗago kai ba sai da aka yi kusan rabin awa, tela yana tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Da ya tsaya bai yi wa kowa godiya ba, ba halinsa ba ne. Ya shafa wuyan jitar ya dubi 'yarsa.

"Tsirkiya ta ukun nan ta yi tsatsa. Mu biya kasuwa a sayi sabbi."

Ta juya baya tana naɗe waya, ta daɗe tana naɗe ta. Wanda ya nemi sabuwar tsirkiya da niyyar gobe ya kwana.

Masana za su ci gaba da gardamar ko ƙarar bayan fage tana da amfani a irin wannan kwaikwayo, kuma mai yiwuwa ga mai sauraro ba ta da shi. Ni dai na ga mutum ya koma cin abinci.

Mun gode, Likita, mai kunnen da ya ƙare a hidimar kunnuwan wasu. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya sa abin da ya rage maka na ji ya ishe ka jin muryar jikokinka. Ku kuma masu tasowa, masu manhaja da saurin hannu, shagon yana buɗe har ƙarshen wata, kuma mutumin ba ya rowar sani. Ku je ku zauna. In kun tashi tsabtace wani abu, ku fara tambayar wanda ya rayu da shi me zai rasa.