Ranar da Baba Ya Hau Ƙarfen Tarakta

Tun da gari ya waye na kasa zama wuri ɗaya. Cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura, zafin bazara ya hana kowa sakat, amma duk ba su ne damuwata ba. Tarakta ce za ta zo gyaran hanyar gidanmu. Mijina ne zai tuƙa ta, babana kuma shi ne mai hanya. Na san halin kowannensu, shi ya sa na yi ta sharar tsakar gidan da ba ta da datti, har Mama ta ƙwace tsintsiyar.

Gidan Baba yana bayan garin Zuru, a gindin dutse, na dawo ne don in haihu a gaban Mama. Hanyar da ta tashi daga ƙofarmu zuwa titi ruwa ya gama cinye ta. A daminar da ta wuce, da naƙuda ta yi wa matar maƙwabcinmu tsanani, mota ta tsaya can bakin titi ta kasa shigowa, sai a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauke ta. Baba yana cikin waɗanda suka kama ƙyauren. Tun ranar ya rantse ba za a yi wa 'yarsa haka ba. Tsohon soja ne, in ya faɗi magana ta zauna ke nan.

Mijina kuwa golmo ya yi kafin a ba shi ni, wato noman da saurayi ke yi a gonar surukai, damina bayan damina. Har yau in yana gaban Baba muryarsa ba ta fita. Ko Baba ya ce tuwon dawa da gero aka yi shi, "Haka ne, Baba" za ka ji.

Da hantsi mijina ya iso daga Mahuta, inda yake tuƙa wa wani babban manomi. A bayan taraktar ya ɗaura wani faffaɗan ƙarfe mai kaifi a ƙasa, wanda ke kankare tudu ya tura cikin rami. Bai fara aiki ba sai da ya taka hanyar da ƙafa yana duba duwatsu da kututture, ya girgiza ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen, ya kori 'yan kallo can gefe. Baba yana ta kallon gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, yana tsaki.

Aka fara. Ƙasar ta bushe ƙamas, jar marmara ce, ƙarfen sai tsalle yake a kanta yana ƙara, ƙura kawai yake kwashewa. Mijina ya je ya dawo, ya sake zuwa. Ni kuma na zauna a kujera, na tashi, na koma ƙofa, na dawo. Daga nan ya tsaya, ya sauke ƙarfen har ƙasa, ya kashe injin kamar yadda yake yi duk lokacin da zai sauka. Ya durƙusa ya ce wa Baba zai karkata bakin ƙarfen ya riƙa aske ƙasar kaɗan-kaɗan, sai dai aikin zai kai yamma.

Baba ya ce, "Yamma? Ba ka ga hadari ba? Ƙarfen nan nauyi ne babu. A Dirin Daji na ga yadda sunka yi, mutum ka hawa bisa ya danne shi. Ni ba ni sa ɗan kowa, ni zan hau."

Kafin wani ya buɗe baki ya naɗe ƙafar wando ya haye, ya kama sandar ƙarfen da ke sama. "Tayar mu tafi!"

Na san abin da hawan nan ke yi, don mijina ya sha gaya min muna cin abinci. In ƙarfen ya ci karo da dutsen da ke binne, zabura yake yi ya watsar da wanda ke kai. Direba gaba yake kallo, ƙarar inji ta cika masa kunne, kafin ya taka birki an riga an ja mutum. Mijina ya san wani a wajen Bena da ya hau da ƙafa biyu, yau da sanda yake tafiya. Hanyarmu kuwa ba abin da ke cikinta sai duwatsu.

Na zuba wa mijina ido ina jira ya ce a'a. Ina! Sai ya buɗe murfin inji ya duba mai. Ya zagaya ya daki taya da ƙafa. Ya nemi ruwan sha, ya sha, ya sake nema. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana ta satar kallona.

Baba ya ce, "Kai yaro, mai ne babu?"

"Akwai, Baba."

"To me kake jira?"

Sai na ga ya hau kujera, hannunsa ya nufi makulli. Kai, haushi ya kama ni, haushin su duka biyun! Ɗaya zai ba da ƙafarsa saboda taurin kai, ɗaya zai karɓa saboda kunya.

Na ce, "Baba, don Allah ku sauko."

Ya ce, "Uwata, koma inuwa." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Ni da na tsaya bayan motar soja tana gudu, wannan abin mai rarrafe ne zai kayar da ni?"

Maƙwabta suka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na gyara ɗaurin zani, na tako da cikina tirtsi-tirtsi, na dafa tayar, na ɗora ƙafa a kan ƙarfen. Zafinsa har cikin silifas na ji shi. Mama ta saki salati daga ƙofa.

Na ce, "Ba nauyi ake nema ba? Ni nauyin mutum biyu gare ni. Ku matsa min, Baba. Maigida, tayar."

Mijina ya zare makullin ya jefa a aljihu, ko waiwaye bai yi ba.

Baba ya daka min tsawar da tun ina yarinya rabona da jin irinta. "Ke! Hauka kike? In ƙarfen ya bugi dutse fa? Ƙarƙashi za ki faɗa, shi bai ma sani ba!"

Na ce, "To ku dutsen ya san ku ne, Baba?"

Baba ya dube ni, ya dubi cikin, ya dubi duwatsun da ke leƙowa daga ƙasa a gabanmu. Shi ya fara sauka, sannan ya miƙo hannu biyu ya sauko da ni a hankali. Daga nan ya shiga gida ya ɗauko diga, ya wuce can gaba nesa da taraktar, ya kama tonon duwatsu yana mirgina su gefe.

Haka aka wuni. Mijina ya karkata ƙarfen, ya sa ƙaramar giya, yana askewa yana turawa, ya bar tsakiyar hanyar da ɗan tudu don ruwa ya riƙa gangarawa gefe. Ni dai ban zauna ba har suka gama, ana yayyafi.

Baba ya yi fushi da ni ƙwarai, don na kunyata shi a gaban mutane. In na gaishe shi da safe sai ya ɗaga min hannu kawai, abin ya riƙa ci min rai. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Naƙuda ta zo min ana tsakiyar ruwa, da rana. Mota ta shigo har ƙofar gida. Baba ne ya riƙe min ƙofarta, ruwa na dukansa, ya ce, "Uwata, a hankali, taka nan." Da muka tashi na waiga ta gilashin baya. Yana biye da mu a kan hanyar, yana sauri, da ƙafafunsa biyu.